Muryoyin Gidanki A Akwatin Talabijin

 Yau ina so ki ɗan ajiye ludayi ki leƙa falonki, ki dubi ɗan akwatin nan da ke zaune ƙarƙashin talabijin, wanda wasu ke kira dikoda wasu kuma risiba. Tun daga safe har dare shi ke magana a gidanki, har ya fi ki yawan magana da 'ya'yanki. Yana kawo musu 'yan ƙwallon Ingila da 'yan fim ɗin Indiya da na Turkiyya, sun san sunayensu, sun san matansu da motocinsu. To amma ki tambayi autanki ko ya san muryar kakarsa da ta haife ki, ko zai iya gane fuskar kakansa in ya gan shi yana tafiya. A gidaje da yawa amsar ba za ta yi miki daɗi ba, alhali kuwa muryoyin nan da fuskokin nan suna nan a gidan, an ɗaure su a cikin kwali an jefa saman wadirob.

Ina nufin kaset-kaset ɗin nan namu. Duk wadda aka yi wa aure a Kaduna daga wajen 1985 zuwa farkon shekarun 2000 ta san mai bidiyo, da katuwar kyamararsa a kafaɗa da fitilarsa mai zafi, yana bin mata tun daga kamu har zuwa buɗar kai. Bayan sati biyu ya kawo kaset an rubuta sunan ango da amarya a gefe. Haka ake yi ranar suna, da saukar karatu, da dawowar alhazai. Akwai kuma ƙananan kaset na rediyo, waɗanda 'yan uwanmu mazauna Makka da Jidda ke ɗaukar muryarsu a ciki su ba alhazai su kawo, a taru a tsakar gida a saurara, a yi dariya a yi kuka, sannan a ɗauki amsa a mayar. Daga baya faifan CD ya shigo, bayansa kuma waya ta karɓe aikin gaba ɗaya.

Abin da yawancinmu ba mu lura da shi ba shi ne waɗannan abubuwa suna mutuwa kamar yadda masu muryoyin suka mutu. Zaren kaset ba ya son zafi, ba ya son laima, ga damina irin ta Kaduna da ke sa har takalmi ya yi fumfuna a cikin ɗaki. In zaren ya yi fumfuna ko ya manne da juna, hoto sai ya koma yayyafi, murya ta riƙa ja kamar mai jin barci. Faifai kuwa ƙarzuwa kaɗan ta ishe shi. Sannan ko kaset ɗin na da rai, ina na'urar da za ta kunna shi? Kamfanin Funai na ƙasar Japan, wanda shi ne na ƙarshe da ke ƙera bidiyo mai kaset, ya daina tun 2016. Waɗanda suka rage a hannun masu gyara tsofaffi ne, kullum kuma raguwa suke yi. Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Ni dai an ɗaura min aure a Unguwar Shanu a 1998, aka kawo ni Unguwar Dosa inda nake har yau. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ta rasu a 2003, don haka cikin 'ya'yana biyar babban ne kawai ya ɗan san ta, shi ma sama-sama. Da ya kammala jami'a yana zaman jiran tafiya hidimar ƙasa, sai na ɗora masa aikin kwalin nan. Ya samo aron tsohuwar bidiyo wajen wani mai gyara a bakin babbar kasuwa, ya sayo wata 'yar na'ura da ba ta fi ɗan yatsa biyu ba, wadda ake soka mata wayoyin nan uku, ja da fari da rawaya, ɗaya bakin kuma a soka a kwamfuta. Kaset na juyawa, kwamfuta na kwafewa. Aikin ba ya son gaggawa, domin kaset ɗin awa uku sai ya ci awa ukunsa cif, in kuma aka ɗauke wuta a tsakiya sai a koma baya. Cikin kaset goma sha ɗaya, takwas suka fito lafiya, biyu suka fito rabi da rabi, ɗaya kuwa ya tafi ke nan, kuma shi ne na sunan 'yata ta biyu.

Da aka gama, sai yaran suka ce a tura wa kowa a wayarsa. Na ce a'a, a talabijin za a kalla, kuma tare. Dalilina shi ne na ga yadda waya ta mayar da mu. Mutum bakwai a falo ɗaya, kowa ya sunkuyar da kai yana murmushi shi kaɗai. Abin da aka tura a waya, yaro zai kalla minti biyu ya ture da yatsa ya wuce gaba, ba wanda zai ce masa ga wance, ga abin da ta yi mana. Amma talabijin fuska ɗaya gare shi, duk wanda ke ɗakin dole abu ɗaya zai kalla, kuma dole a yi magana.

Daren wata Juma'a bayan an ci tuwo muka kunna na bikina. Da farko dariya ce ta cika ɗakin, ana yi wa ɗaurin ɗankwalinmu da girman kafaɗar rigunanmu tsiya, maigida ma bai tsira ba da siririn wuyansa. Can sai ga mahaifiyata ta fito, tana zaune bakin gado ana shirin fita da ni, ta riƙe hannuna tana yi min faɗa a kan haƙuri da riƙe sirrin miji da kyautata wa dangi. Falon ya yi tsit. Autata, wadda aka haifa shekara tara bayan rasuwarta, ta matso har gaban talabijin ta tsaya, sannan ta juyo ta ce ashe irin muryata ce da ita, har yadda take jan ƙarshen magana. Surukata Hajiya, wadda ke zaune tare da mu, ta shiga nuna mutane ɗaya bayan ɗaya tana faɗin sunayensu da dangantakarsu, wannan ta rasu, wannan tana Zariya, wannan ita ta yi wa babanku wankan jego. A daren nan yarana suka san dangin da shekara da shekaru ina ba su labari ba su riƙe ba. Gani ya kori ji.

Na san za ki ce ke ba ki da ɗa mai ilimin kwamfuta, kuma waɗannan abubuwa na 'yan boko ne. Wallahi 'yar uwa abin bai kai wahalar dambun shinkafa ba. Bari in warware miki yadda na fahimce shi.

Akwatunan da ke gidajenmu iri uku ne. Akwai na biyan kuɗin wata, irin su DStv da GOtv da StarTimes, wanda ya shigo Nijeriya a 2010 da haɗin gwiwar NTA. Akwai risibar dish ta kyauta da ta cika gidajen Arewa, da kuma akwatin FreeTV da ya zo lokacin da aka ƙaddamar da komawa tsarin dijital a Kaduna cikin Disamba 2017. Na uku shi ne ɗan akwatin Android, wanda shi ba ruwansa da dish ko eriya, da intanet yake aiki, kusan a ce waya ce babba da aka cire mata fuska aka ba ta talabijin ya zame mata fuska. Talabijin na zamani da yawa ma da wannan tsari a cikinsu suke zuwa, ba sai an sayi akwati ba.

Hanya mafi sauƙi ita ce ki duba bayan risibarki ko gefen talabijin, ko akwai 'yar ƙofar nan ta USB, irin wadda ake soka filash. In akwai, a zuba miki bidiyon a filash, ki soka, ki ɗauki rimot ki shiga inda aka jera fina-finai da hotuna, shi ke nan. Ba data, ba intanet, ba kuɗin wata. In wani bidiyon ya ƙi buɗewa, yawanci nau'in fayil ɗin ne akwatin bai gane ba, sai a juya shi zuwa MP4, wanda kusan kowace na'ura ke karantawa.

Hanya ta biyu ita ce wadda muke bi yanzu. Bidiyon na zaune wuri ɗaya, a kwamfuta ko a waya, talabijin kuma na janyo shi ta iska. Ki ɗauka kamar tankin ruwa ne a saman gida da famfo a kicin. Ba sai kin ɗauko tankin kin kawo kicin ba, kina murɗa famfo ruwa na zuwa daidai buƙatarki. Sharaɗin kawai shi ne wayar da akwatin su kasance a kan waifai ɗaya, ko na 'yar na'urar raba intanet ta gida, ko wanda wata waya ta buɗe. Akwai manhajoji na kyauta da ke wannan aiki, mu VLC muke amfani da ita. Abin da ya fi burge ni shi ne tunda hoton daga ɗaki zuwa falo kawai yake tafiya, bai fita waje ba, shi kansa ba ya cin data, kuma ba ya bi ta hannun kowa. Yanzu in an yi suna ko walima na ɗauka a wayata, da daddare sai in tura shi talabijin Hajiya ta gani da girmansa, tunda idonta ba ya iya kallon fuskar waya.

Wannan akwati kuma shi ya dawo wa Hajiya da wani abin da ta daɗe da rasawa, wato rediyon garinsu. Mu mutanen Kaduna ai ba a ba mu labarin rediyo. Tun 1962, zamanin Sardauna, aka buɗe gidan Rediyo da Talabijin na Kaduna, wanda sashensa na rediyo ya koma ƙarƙashin Rediyon Tarayya a 1978, kuma a zamanin ƙarfinsa har Nijar da Gana da Kamaru ana kama shi a gajeren zango. Mun tashi muna jin gaishe-gaishen Zaɓi Sonka, muna dariyar Samanja Mazan Fama na marigayi Usman Baba Pategi, iyayenmu maza kuma ba sa kwana sai sun ji Landan, wadda ta fara watsa shiri da Hausa tun 1957. Sai dai da tashoshin FM suka yawaita, kowane gari ya samu nasa, kuma FM ba ta da dogon zango. Hajiya Bakanuwa ce, 'yar cikin birni, Kano kuwa ta fi kilomita 200 daga nan. Shekarunta sama da ashirin a Kaduna amma zuciyarta na can. In ta je ganin gida takan dawo da labarin shirin Inda Ranka na Freedom Rediyo, tashar da aka buɗe a Kano a 2003, tana cewa nan ne ake jin abin da gari ke ciki.

Yau tashoshi da yawa, bayan sun watsa shirinsu ta iska, suna kuma saka shi a intanet kai tsaye, wanda ke nufin nisa ya daina zama shamaki. Yaron nan ya saka mana manhajar rediyo a akwatin, ya jera wa Hajiya tashoshinta a gaba, ya nuna mata maɓalli biyu kacal. Akwai ma wata manhaja mai suna Radio Garden, da aka ƙirƙiro a ƙasar Holan a 2016, wadda ke nuna duniya kamar ƙwallo da ɗigo-ɗigon kore, kowane ɗigo gari ne da tashoshinsa, kina juyawa kina jin abin da suke saurare a daidai wannan lokaci. Da ita yarana suka gane girman harshensu, domin sun ji Hausa daga Nijar, sun ji ta daga Jamus da Faransa. Hajiya kuwa yanzu in an yi rasuwa ko gobara a Kano, wani lokaci tana riga 'yan uwanta na can kira. Ƙanwata da ke aure a Jidda ita ma ta wannan hanya take jin wasu tashoshin gida tana girki, ta ce yana rage mata kewa.

Batun kuɗi kuwa, murya ba ta da ci kamar hoto. Rediyon intanet na cin kimanin megabait 30 zuwa 60 a awa ɗaya, gwargwadon kyan sautin tashar, wato giga ɗaya zai kai ki awa 17 zuwa sama da 30. Bidiyon intanet mai kyan hoto kuwa yana iya lashe gigan nan a awa ɗaya ko biyu. Saboda haka ki san wanda kike bari a kunne. Kuma ina roƙonki kada ki yar da ƙaramin rediyonki mai batir. Ranar da aka ɗauke wuta, ko sabis ya yi ƙasa, shi ne gatanki. Ba mu manta ba a ƙarshen 2021 an rufe layukan waya a wasu sassan jihar Kaduna kusan wata biyu saboda matsalar tsaro, kuma mutanen wuraren da rediyo mai batir suka san halin da duniya ke ciki. Da tsohuwar zuma ake magani.

Yanzu ga inda nake so ki buɗe kunne da kyau. Kaset ɗin bikinki ba ke kaɗai ce a ciki ba. Akwai ƙawayenki da yayyenki da matan maƙwabta, sun saki jiki suna rawa ba mayafi, domin sun san taron mata ne, kuma a lokacin ba wanda ya yi tunanin hoto zai iya zagaya duniya cikin minti ɗaya. Yau waccan mai rawar matar aure ce mai surukai, wata kuma ta kwanta dama. Hotonsu amana ne a hannunki. In kika bari ya hau Facebook ko TikTok, ko ya shiga zauren WhatsApp na dangi, ya fita daga ikonki har abada, kuma mun sha jin auren da ya girgiza saboda irin wannan. Shi ya sa na fi son hanyar da bidiyon ke tsayawa cikin gida. Ko a falon ma, ki duba wanda ke zaune kafin ki kunna, abin da ya shafi taron mata a bar shi sai mata da yara sun keɓe. In kuma shago za ki kai a juya miki kaset, ki tura wanda kika yarda da shi ya zauna a yi a gabansa, ya tabbatar an goge kwafin da ya rage a kwamfutar mai shago.

Haka nan ki sani ƙofar da ta shigo da muryar Kano ita ce za ta iya shigo da abin da ba kya so. Akwatin Android na buɗe duk abin da waya ke buɗewa. Ki sa a saka masa lambar sirri, ki riƙe ta ke da maigida, kuma ya zauna a falo inda ido ke kai, kada ya koma ɗakin yara. Wajen saye ma a kula, domin a 2025 hukumar FBI ta Amurka ta yi gargaɗi cewa wasu akwatunan masu araha marasa sanannen suna na zuwa da muguwar manhaja a ɓoye, wadda ɓarayin intanet ke amfani da ita. A nemi mai sunan da aka sani, kuma kada a shigar da bayanan banki a cikinsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Shawarata ta ƙarshe guda uku ce. Ta farko, kada ki ajiye ƙwanki duka a kwando ɗaya, domin filash na ɓata, waya na faɗawa ruwa, kwamfuta na mutuwa ba sallama. Namu kwafi uku ne, biyu a gida, ɗaya wajen yayata a Kawo, kuma tsofaffin kaset ɗin ma ban zubar ba. Ta biyu, a rubuta wa kowane bidiyo suna da shekara, a kuma zaunar da tsohuwar gida ta faɗi sunayen mutanen da ke ciki a rubuta a littafi, domin ranar da ba ta, fuskokin nan za su zama baƙi. Ta uku, wadda ta fi sauran, ki ɗauki na raye tun suna raye. Wayar da ke hannunki ta fi kyamarar mai bidiyon 1998 kyan hoto nesa ba kusa ba. Ki nemi izinin mahaifiyarki ko surukarki, ki ajiye wayar a gefe, ki tambaye ta yadda aka yi aurenta, da yadda Kaduna take lokacin da ta zo, da yadda ake haɗa daddawa da yajin jego, da tatsuniyoyin da kakarta ta yi mata. Hajiya da farko ta ƙi, ta ce ita ba 'yar fim ba ce. Yanzu muna da awa shida na hirarta, kuma ita ke tuna min in an kwana biyu ba a ɗauka ba.

Mu a gidanmu mun ware daren Juma'a, awa ɗaya kacal, a ajiye wayoyi a kalli abin gida ko a saurari wani shiri tare. Ba kullum yaran ke zuwa da fara'a ba, musamman in ana ƙwallo, amma suna zuwa. Ke ma ki zaɓi naki daren, ki sauko da kwalin nan tun kafin wata daminar ta same shi a sama. Allah ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu, ya ƙara wa na raye lafiya, ya shirya mana zuri'a. Sai mun haɗu a wata mai zuwa in Allah ya kai mu, a gaida maigida da yara.